Inda Kalanguna Ya Tsaya a Wasan Nomau

Da kakar bana Nomau ya cika shekara tara a ƙasa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na riƙe masa kalangu tun gemuna yana baƙi har ya soma furfura. Duk wanda ya ci kasuwar Gidan Rumji, Sae Sabuwa ko Cadawa a wancan zamani ya san shi, in bai san sunansa ba ya san "mai neman akuya". Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana na kasa, domin wasan da ya bari a kaina kaɗai ya rage cikakke, kan nawa kuwa ya fara yoyo.

Zan faɗi gaskiya tunda ba ya nan balle ya harare ni: Nomau ba gwanin komai ba ne. Akwai waɗanda suka fi shi wurga galma sama su cafe. Akwai waɗanda suka fi shi dabo. Tafiya bisa dogayen sanduna ɗaure a ƙafa kuwa, sau biyu ina gani ya zube cikin kwandunan masu tumatir, muka sha zagi. Kwaikwayon murya ne kaɗai zan iya rantsewa ba a kamo shi ba. Abin da ya raba shi da sauran shi ne ya ɗauki waɗannan abubuwa huɗu ya ɗinke su suka zama labari guda.

Labarin wani manomi ne da akuyarsa ta ɓace. Zai fara da galma, wai yana gona, yana wurga ta tana juyi a sama. Sai a ji kukan akuya daga bayan taro, alhali daga bakinsa ya fito. Sai ya ɗaura sanduna ya miƙe, wai zai hango ta bayan gero. Daga can sama yana tambayar mutane yana amsa wa kansa, da muryar mai gari, da ta tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, da ta jandarma mai Hausar da ta sha Faransanci. In ya sauko, sai ya zaro igiyar akuyar daga aljihun wani ɗan kallo, wanda ya zura masa ita tun lokacin da ake gyara fili, kasuwa ta ɗauki ihun ɓarawo ana dariya.

Ba don burgewa ya yi wannan ɗinki ba. Ɗan kasuwa ba kallo ya kawo shi ba. Ya bar buhun wake hannun maƙwabci, jakinsa na tsaye a rana, ga hanyar gida da nisa. Nomau ya sha gaya mini: "Mutum ba shi tahiya tsakiyar wasa. Inda ka tsaya shan iska, nan shi ka tunawa da jakinai." Saboda haka duk inda wani sashe ya ƙare wani zai fara, akwai kiɗansa da maganarsa, yadda ko sanduna yake ɗaurewa mutane ba za su ji an tsaya ba. Wannan shi ne aikina. Da rani mukan zauna gindin gawon gonarmu, ya yi galma sau ɗaya, ya yi dabo sau ɗaya, amma mahaɗar nan sai mun maimaita ta har yatsuna su yi tsami. Na sha yin fushi in rataya kalangu in tafi gida, washegari in dawo kamar ba ni ba.

Mutum uku suka koya a hannunsa, dukansu yanzu magidanta ne. Sule ya ɗauki galma. Laminu ya ɗauki sanduna da dabo. Hamidu, Bafulatani daga wata ruga kusa da Sae Sabuwa, shi ya gaji muryoyin, kuma akuyarsa ta fi ta Nomau, don shi da su ya tashi. Kowannensu ya wuce malaminsa a abin da ya ɗauka. Kowa kuma ya kama gabansa, yana ɗaukar kansa a salula, wasan da bai kai tsawon shan kofin ruwa ba, a gani har Yamai da Kano. Ban ga laifinsu ba, haka masu kallon yanzu suke so. Na tabbata da Nomau na raye da ya fi su son salular, mutumin da ko madubin moto ya gani sai ya gyara hula. Amma na san zai kalli galmar Sule ta tashi ta sauko, hoton ya ƙare, ya ce, "To, sai mi ya biyo?"

Wannan tambaya ce ta sa bana na tara su, mu yi wasan daga farko har ƙarshe ranar kasuwar Cadawa, ko sau ɗaya ne kafin in bi shi. Sai da na yi ta lallashi. Laminu yana kabu-kabu, Hamidu yana bayan shanu, ba mu taɓa samun zama mu huɗu a rana guda ba. Na ce kada su damu, kowa ya zo da nasa, mahaɗar tana wurina. Da bakina na faɗa, har da bugun ƙirji.

Da hantsi muka buɗe fili. Galma ta tashi, akuya ta yi kuka, na shiga da kiɗan ɗaurin sanduna, Sule yana faɗin maganar da na koya masa. Babu wanda ya motsa. Na ga tsofaffi suna taɓa juna, sun gane abin. Laminu ya miƙe can sama, Hamidu na ƙasa yana ba shi amsa da muryar mai gari, taro ya ninka. Na ji wani daɗi da rabona da shi tun ranar da muka kai Nomau makwancinsa.

Sai aka zo saukowa. Kwance sanduna yana cin lokaci, kuma a nan Nomau yake da wani kiɗa da wata magana da takan sa mata rufe baki da mayafi don dariya. Na ɗaga hannu zan buga, ban sami komai ba. Abin da na kaɗa shekara da shekaru, ya tafi kamar ban taɓa jin sa ba. Su ukun suka zuba mini ido. Ina tsaye na ga wani ya waiga wajen amalankensa, wata ta ɗauki ƙwaryarta, bayan taro ya fara zubewa. Kafin Laminu ya gama kwancewa, mutumin da ya zura wa igiya a aljihu ya yi tafiyarsa da ita. Wani bawan Allah ya isa gida ran nan da igiyar akuyar da bai saya ba, mu kuma muka naɗe kayanmu ba a kama ɓarawo ba.

Na je wurin Hajara, matar da Nomau ya bari, ko ta tuna. Ta ce ita ba ta taɓa ganin wasan ba, ba ta zuwa kasuwa, abin da ta sani yakan dawo da ƙura har gira. Na bi tsofaffin Gidan Rumji ɗaya bayan ɗaya. Kowa na tambaya sai ya fashe da dariya, ya ce ai wurin saukowar nan ya fi ko'ina daɗi. In na ce me yake cewa, sai ya hau sosa ƙeya. Dariyar tana nan jikinsu shekara tara, abin da ya jawo ta babu wanda ya riƙe.

Hamidu ne ya ce mini, "Baba, ka ƙaga wani mana. Wa za shi sani?" Na ji haushinsa kwana biyu, daga baya haushin ma ya gajiyar da ni. Gaskiyarsa ce ta wani gefen. Nomau ba gadon wasan ya yi ba, shi ya ƙaga shi gindin gawo, yana gwadawa yana zubarwa. Da zai leƙo ya gan ni ina yawo gida-gida neman maganarsa, dariya zai yi mini, ya ce raggo. Sai dai ni ba mai ƙagawa ba ne, kuma tsufa ba lokacin fara koyon wannan ba ne. Ni an ba ni ajiya ne, na bari har wani yanki ya zube saboda ina jin daɗin a ce ni kaɗai na sani.

Abin da ya rage na Nomau ke nan: mutum uku da suka fi shi hannu, da tsofaffi masu dariyar da ba su san dalilinta ba, da ni. Na aika wa su Sule su zo gona in an gama ɗaure gero, su ukun a rana guda, ko kasuwa nawa za su rasa. Zan juye musu duk abin da ya saura a kaina tun bai ƙara zubewa ba, in nuna musu inda ramin yake, su cike shi da nasu. Allah ya jiƙan Nomau, ya yafe mini jinkirin da na yi. In muka iso wurin saukowa, sai ɗayansu ya miƙo hannu ya karɓi kalangun daga hannuna.