Idanun da Baba Saja Ya Ƙi Zanawa

Shekara goma ke nan da muka kai Baba Saja makwancinsa, amma har yau baƙon da ya shigo falonmu a Unguwar Boro sai ya ɗan ja da baya kafin ya zauna. Ba na ganin laifinsa. A bangon da ke fuskantar ƙofa akwai zanen iyalinmu da Baba ya yi da fentin mai, shi da Mama a zaune, mu 'ya'yansa biyar a tsaye a bayansu. Komai ya fito, har tabon da ke haɓata. Sai dai mutum shida a cikin zanen ba su da idanu. Gira tana nan, fatar ido tana nan, tsakiyar kuwa fari fat. Mutum ɗaya ne yake kallonka, shi ne Baba.

Sunansa Yohanna, amma muƙaminsa na soja ya cinye sunan, har Mama ma Saja take ce masa idan ranta ya ɓaci. Yana saurayi ya bar ƙauyenmu a kudancin Kaduna ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Da ya tuɓe kaki sai ya samu aiki a masaƙa a Kakuri, yana zana furannin atamfa. Da masaƙa ta rufe, ya buɗe ɗan shago a Sabon Tasha. A wancan zamanin idan aka yi rashi, dangi sukan kawo masa ƙaramin hoton mamacin, shi kuma ya fito da shi babba a kan katako, a jingina a gaban akwatin gawa a coci. Mata da yawa sun fashe da kuka a shagon nan tun kafin fentin ya bushe.

A gida kuwa kamar a bariki muka tashi. Shi yake goge mana kayan makaranta da kansa, sannan ya jera mu ya duba farce da bayan kunne. Ranar Lahadi yakan kori Mama daga kicin ya dafa abin da yake kira miyar bakin daga, mu kuma mu ci muna yabawa, domin wanda ya ɓata fuska ƙari ake yi masa. Ina kewar wannan mummunar miya fiye da yadda zan iya faɗa.

Doka ɗaya gare shi a sana'arsa: ba ya zana idon mai rai. Sau ɗaya ya taɓa gaya mini dalili, da rana tsaka, yana wanke burushi da kananzir. Ya ce a bakin daga abokansa sukan roƙe shi ya zana su da gawayi a kan kwali, su aika gida. Sannu a hankali ya lura cewa waɗanda ya gama zanensu tsaf ba sa daɗewa. Akwai wani da aka busa usur kafin Baba ya kai kan idanunsa, ya miƙa masa kwalin haka nan. Wannan mutumin ya ga jikokinsa.

"Ban ce zanena ne ya kashe su ba, Hannatu," in ji shi. "Harsashi ne. Amma ni dai ba zan ƙara gwadawa ba."

Fastonmu ya taɓa zuwa har shago ya yi masa wa'azi cewa wannan camfi ne, rai a hannun Ubangiji yake. Baba ya amince da kowace kalma. Sannan ya jawo kujera ya ce Fasto ya zauna ya zana shi da idanu da komai. Fasto ya tuna yana da taron dattawa.

Don haka zanen falo ya yi shekara da shekaru dukanmu bakwai ba idanu, har muka daina ganin wani abu ya rage a cikinsa. Wata ranar Alhamis Mama ta dawo daga taron zumuntar mata na coci, ta ji warin fenti tun daga ƙofa. Ta ɗaga kai, ta ga mijinta yana kallonta daga bango, idanun suna ƙyalli don ba su bushe ba. Shi kuwa yana tsakar gida yana ba kaji dawa, lafiyarsa ƙalau. Ba ta tambaye shi ba. Kafin Lahadi ta zagayo ya kwanta bayan cin abincin rana bai tashi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Sabon Tasha ta yau. Inda shagonsa yake yanzu cajin waya ake yi. Ba mai jiran mai zane kuma. Kafin a gama sanar da dangi an buga fuskar mamaci a riga da kalanda da fosta, har da fukafukan mala'iku idan ana so. Ina jin zai tsaya ya daɗe yana kallo, hannu a baya, sannan ya ce injin ba ya tsoron komai, shi ya sa yake sauri.

Abin da na tabbata zai hana shi barci shi ne Bitrus, autanmu. A zanen falo yaro ne, hular sojan Baba ta rufe masa kunnuwa. Yau soja ne na gaske, yana arewa maso gabas, kuma makonni ke nan wayarsa ba ta shiga. Mun saba, akwai wuraren da babu sabis. Amma Mama ta daina gama abincinta.

A cikin wannan hali muka shirya addu'ar cikar shekara goma. Na ɗauki hoton zanen da wayata na kai wa wani mai buga fosta, Oga Sunday, na ce ya fito da shi babba. Bai faɗo mini a rai in yi masa bayani ba, domin a wurina zanen cikakke ne. Da na koma karɓa ya warware mini shi a kan tebur yana murmushi.

"Madam, hoton ya tsufa, idanu duk sun goge. Na gyara maki a kwamfuta, kyauta."

A cikin fostar dukanmu muna kallo. Ni, Mama, yayyena, da Bitrus a ƙarƙashin hularsa. Mutumin kirki ne, alheri ya yi niyya, na ma yi masa godiya. A cikin keke na rungume fostar a naɗe, ina tunanin in wurga ta a kwata in ce injin ya lalace. Amma Mama tana bakin ƙofa tana jirana, ta miƙo hannu.

Ta shimfiɗa ta a kan tabarma, ta durƙusa. Ba ta kalli kanta ba, ba ta kalle ni ba, kan Bitrus ta tafi kai tsaye. Sai ta sa yatsa a kan fuskarsa, ta matsar zuwa tawa, ta matsar zuwa tata.

"Waɗannan ba idanun Bitrus ba ne," ta ce a hankali. "Duba da kyau. Na babanku ne."

Na duba. Oga Sunday bai san idon kowa a cikinmu ba, sai ya kwafi guda biyun da ya samu ya manna wa kowa. Ga ɗan jan da ke gefen na hagu, ga fatar da ta ɗan sauko a na dama, a fuska bakwai. Na ce mata bari in mayar a goge. Ta riƙe gefen fostar da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Bar su. Idanun nan sun je yaƙi sun dawo gida. Sun san hanya."

Kayan aikin Baba sun watse, katakan da ya zana gara ta ci yawancinsu, kakinsa ma asu ya huda. Na daɗe ina zaton abin da ya bar mana shi ne tsoronsa, waɗannan fararen gurabe da muka girma a ƙarƙashinsu. Yanzu na gane ƙauna ce ta mutumin da ya ga mutuwa da yawa, ya tsare nasa da abin da ya iya. Ko ya yi daidai, ko camfi ne kamar yadda Fasto ya ce, ban sani ba.

An yi addu'a an watse, amma Mama ta hana a sauke fostar. Ta sa an ɗaure ta a baranda tana fuskantar ƙofar gida. Duk wanda ya turo ƙofar, Baba ne yake kallonsa sau bakwai, ni kaina da sauri nake wucewa. Har zuwa yau da nake wannan rubutu wayar Bitrus ba ta shiga ba. Kullum da yamma Mama takan jawo kujerarta ƙarƙashin fostar ta zauna, su takwas suna kallon hanya.