Farin Kwalin Dramani

Mijina Dramani ba gwanin magana ba ne, gwanin kallon ƙasa ne. Shekara goma sha huɗu ya yi yana kanikanci a Kumasi kafin mu zo garin Hyattsville a Amurka, inda yanzu yake tuƙa motar kai tsofaffi asibiti. Ya bar gareji, amma mai hali ba ya fasa halinsa. Kullum da safe sai ya zaga inda ake ajiye motocin gidanmu da guntun farin kwali, yana leƙen ƙarƙashin motocin mutane kamar wanda ya yar da allura.

Da kwalin yake dangwalo abin da ya ɗiga. In ruwa ne garau bayan an sha sanyin mota, sai ya ce gumi ne, tafi abinka. Baƙi mai kauri man inji ne, a duba shi cikin mako. Kore mai ƙamshin alewa na lagireto ne, a gyara kafin inji ya dahu. Akwai kuma wani mai kalar man gyaɗa, mai santsi, da ke ɗiga kusa da taya. Wannan in ya gani ba ya ko murmushi, don man birki ne.

Irin wannan man ya gani wata Asabar a ƙarƙashin motar mahaifina, Alhaji Sabo. Ranar kuma za a je suna a garin Germantown, Baba zai ɗauki Mama da ƙanwata Adiza da 'ya'yanta biyu, a hau titin 270 inda motoci ke gudu kamar an koro su.

Shekara ashirin da aurenmu, Dramani bai taɓa cin abinci a gaban Baba ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Kunyar suruki ke nan. Don haka ni ya aika.

Baba ya yi tsaki. "Mubina, ki gaya masa na tuƙa babbar mota Kumasi zuwa Bawku tun yana tsumma. Birki ya tsiyaye, mu kaɗa ruwan omo mu zuba mu wuce. A ƙara mai kawai."

Na kai saƙo. Dramani ya ɗauki makulli, ya je ya gicciye motarmu a bayan ta Baba, ya kashe, ya fito ya tsaya. Ga mata sun sauko da kwalliya, ga maƙwabta suna kallo.

"Janye motarka," in ji Baba.

"Baba, a yi haƙuri," in ji Dramani. "A taka birkin sau uku. In ya riƙe, zan janye."

Baba ya shiga a fusace. Ya taka na farko, ya taka na biyu. A na uku ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mai ya tsarto a gefen taya. Adiza ta rungume yaranta, Mama tana ta salati.

To, kun zaci an gode masa? Wallahi ko sannu! Wata biyar ke nan Baba ba ya amsa gaisuwarsa. A masallaci ana cewa Amurka ta lalata Dramani, wai ya tsinka surukinsa a bainar jama'a. Masu faɗin hakan su ne, da bai tare motar ba, da yanzu sun gama cin shinkafar sadakar bakwai. Har Adiza, wadda ya ceci 'ya'yanta, ta ce mini ai da ya bi ta hannun liman. Liman ne zai tsayar da mota a kan 270? Raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne Dramanin kansa. Shi ya kwanta a ƙasa ya canja bututun birkin, shi ya je ya durƙusa neman gafara, Baba ya juya masa ƙeya. Na ce ya daina wahalar da kansa. Ya ce, "Gara ya yi fushi da ni yana numfashi."

Yau da safe na leƙa ta taga. Yana durƙushe da kwalinsa, kuma da motar Baba ya fara.