Zanen da Na Wanke

Ni mace ce mai tsabta, har maƙwabta sukan tsokane ni wai in aka bar ni ƙasar tsakar gida ma zan wanke da omo. Wannan halin nawa ne ya kayar da mu a kotu, kuma har yau abin yana cina.

Ƙanwata tana da shekara ashirin da biyu a lokacin, tana koyon ɗinki a Zuru, tana zaune wurina saboda mijina soja ne, an tura shi nesa. Wata Asabar da damina ta je Dabai gaida mahaifiyarmu. Da za ta dawo ta hau kabu-kabu. Mai mashin ɗin ya saki titi ya kutsa da ita cikin gonakin dawa, ya tsare ta a wata bukka kwana biyu. Ranar Litinin da hantsi ta shigo gida ba takalmi, zanenta duk laka da jini, rigarta a yage daga kafaɗa. Ba sai ta faɗa mini abin da ya yi mata ba.

Ruwa na ɗora. Na yi mata wanka da hannuna, na yanke mata farce saboda baƙin da ya cika su, na jiƙa zanen da rigar na dirje su har yatsuna suka yi zafi. Na shanya, na goge, rigar ma na ɗinke ta. A ganina ƙazantar mutumin nake cire mata. Sai bayan kwana huɗu, da dattawan gidanmu suka gama shawara da fasto, muka je wurin 'yan sanda da asibiti.

Ƙanwata ta nuna mutumin a tashar masu mashin, aka kama shi. Ya ce i, ya ɗauko ta, amma a mararraba ya sauke ta ya wuce Ribah, 'yan'uwansa biyu kuma suka tsaya masa shaida. Shari'a ta yi ta ja, yau a ɗage, gobe a ɗage. Lokacin da aka fita da ita ta nuna wa kotu bukkar, an riga an yi girbi, gonakin sun zama fili fetal. Ta nuna wata, sai kuma ta ce ko waccan ce. Aka rubuta.

Ranar da na ba da shaida, lauyansa ya ɗaga zanen daga kan tebur, a ninke yadda na ninke shi.

"Baiwar Allah, wa ya wanke wannan?"

"Ni."

"Ina jinin da kika ce kin gani?"

"Na wanke shi mana. Da sai in bar ta cikinsa?"

"Wa ya ga jinin ban da ke, yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya?"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa in 'yarsa ce ta shigo masa haka, ya ajiye ta a tabarma ƙudaje na bi har likita ya zo. Alƙali ya ce in amsa abin da aka tambaye ni kawai. Likita kuma ya ce ya ga ƙujewa a jikinta, amma bayan wanka da kwana huɗu ba zai iya cewa ga abin da ya jawo ta ba.

Alƙalin dattijo ne, ba shi da tsawa, shi ya sa na kasa tsanarsa ko da na so. Ya karanta hukunci da Turanci, tafinta yana juya mana. Ya ce doka ba ta ɗaure mutum a kan zato komai ƙarfinsa, sai an kawo hujjar da ba ta bar kokwanto ba, in kuwa kokwanto ya rage, wanda ake tuhuma ne zai ci moriyarsa. Ya sallame shi. Na so in yi ihu, amma ban san wa zan yi wa ba. Duk abin da alƙalin ya ce babu, ni na kawar da shi da hannuna, kuma don ƙauna na yi.

A ƙofar kotu 'yan'uwansa suna ta rungumarsa, abokan sana'arsa suna danna oda. Muka kama hanyar gida a ƙasa. Ƙanwata ba ta yi kuka ba. Sai da muka yi nisa ta yi magana.

"Yaya, cewa ya yi ƙarya nake?"

"A'a. Cewa ya yi ba a tabbatar ba."

Ta ɗan yi tafiya, sannan ta ce, "To wa zai bi gida-gida ya gaya wa mutanen gari bambancin?"

Kafin mu kai unguwarmu labari ya riga mu, matan bakin famfo suka yi tsit har muka wuce.