Ƙofar Barikin Kan Tudu

Damina ce, kuma a shekarar nan ban taɓa cin abinci hankalina kwance ba. Babban gwatan unguwarmu Nima ya cika har baki, ga Mma, mahaifiyata, ta fara mantuwa. Da la'asar ta yi sai ta ɗauki mayafi ta nufi titi da sauri, wai za a rufe ƙofa. Sau biyu masu kayan miya suna dawo mini da ita daga bakin gwata.

Na san a wani tsohon bariki aka haife ta, kan tudu a bakin teku, inda mahaifinta ya yi soja zamanin Turawa. Ran nan na ce bari in kai ta, ko ta gani ta haƙura. Muka shiga torotoro, motar haya, tun asuba daga tashar Maamobi.

Hawan kaɗai ya tsorata ni. Matakalar dutse ce mai santsi, ina riƙe da ƙugunta ina sauraron numfashinta. A sama katanga ce mai kaurin da mutum zai kwanta a kai, da igwa uku sun yi tsatsa suna kallon ruwa. Mma ta wuce mai gadin wurin, ta je daidai wata rijiya da ake tara ruwan sama, ta leƙa.

"Wa ya bar ta a buɗe?" in ji ta.

Mai gadin ya yi dariya. "Hajiya, ke ce sabuwar kwamanda?"

"Rufe bakinka. Ubanka kofur ne ko me?"

Ta nuna mini ƙofar ƙarfe. Ta ce in an busa bigila da yamma ake rufewa, yaron da aka rufe a waje kuwa ubansa ake yi wa horo a gaban jama'a. Ita sau ɗaya ta makara wajen tsintar kifi, ta ga babanta tsaye cikin rana da bindiga bisa kai.

Da la'asar ta ƙi sauka. Sai da mai gadin ya ja ƙofar ya rufe, ta yi ƙara, muna ciki, sannan kafaɗunta suka sauko, ta yarda na kama hannunta.

A mota ta yi barci, ni ban runtsa ba. Ban san ko abin zai yi aiki a gida ba.

Washegari da safe na je wajen mai walda na bakin layinmu, na ce ya sa wa ƙofar gidanmu sakata babba, irin mai ƙara, kuma ya gama kafin la'asar.