Hoton Na'Allah Mai Korar Tsuntsaye

Na'Allah mutumin Dauran ne, wani ƙauye a ƙasar Zurmi, kuma tun da na san shi sana'arsa ɗaya ce: korar tsuntsaye daga gonakin dawa. Da zarar dawa ta fara ƙosawa, tsuntsaye sun sauko mata, sai ya saɓa tsohuwar bindigarsa ya yi ta zagaya gonaki, yana ɗura mata albarushi ba tare da harsashi ba. Ƙara kawai take yi. A iya sanina ba ta taɓa kashe ko kurciya ba. Ubansa ne maharbi, shi ya bar masa ita, tare da warki da wata riga mai layu da ba ya sa ta sai ranar Sallah.

Babban ɗansa, Sha'aibu, yana sayar da albasa a wata kasuwa can Kudu. Kamarsu ɗaya da uban, har tsagen fuska. A saman rumfarsa ya sa an rubuta masa sunansa da fenti: Sha'aibu Na'Allah Dauran.

A shekarar da aka fara Shari'a, rikici ya ɓarke a Kaduna, aka kashe mutane da yawa, daga baya aka shiga ramuwa a kan 'yan Arewa a wasu garuruwan Kudu. Mu nan babu abin da ya faru. Kasuwa na ci, ana sussukar gero. Amma 'yan jarida sun ƙudurta cewa tun da daga Zamfara maganar ta taso, to a nan yaƙin yake. Wasu biyu daga wata jaridar Turanci suka iso sakatariyarmu ta Zurmi, inda nake akawu, aka ce in raka su in yi musu tafinta.

Tambayarsu ta farko ita ce ina ake faɗan. Na ce babu. Na kai su kasuwa, suka ce ba ita suke nema ba. Na kai su kotu, suka tarar ana shari'ar akuya da ta ci wake, suka fito. A hanyar Dauran ne mai kyamarar ya hango wani rumbu da ya ƙone, ya ce a tsaya. Rumbun na Na'Allah ne. Toka mai wuta aka zubar kusa da shi, iska ta ƙarasa aikin. Na faɗa musu haka da Turanci, sau biyu, a hankali.

Na'Allah ya fito ya tarbe su, ya sa aka shimfiɗa tabarma, matarsa Lubabatu ta aiko da fura. Da ya ji hoto za a ɗauke shi, sai ya miƙe.

"Malam Akawu, ce musu su dakata. Ba a ɗaukata da wagga riga ta gona."

"Baba Na'Allah, ka tsaya yadda kake. Ya fi."

"Kai kau! Hoton da za a gani har Ikko? In hito kamar wanda ba shi da uba?"

Ya shige gida. Da ya fito, ga warki, ga riga mai layu, ga bindiga, har da wata wuƙa da ya aro wajen maƙwabci don ta cike ɗamara. A wurinsa, mutum ba ya tsayawa gaban kyamara sai da kayan gidansu, kamar yadda ba ya zuwa Idi da tsumma. Mai kyamarar kuwa har rawar jiki yake yi. Ya tsayar da shi gaban ƙonannen rumbu, ya ce ya ɗaga bindigar, ya ce ya daina dariya.

Na ce wa ɗayan, mai rubutu, wannan mutum tsuntsaye yake kora. Ya ce ya ji. Ya tambayi sunansa da na garin, na ga ya rubuta su daidai. Maganar tsuntsaye ce ban ga ya rubuta ba.

Bayan kwanaki, Maiwada, direban da ke kai albasa Kudu, ya dawo da motarsa babu gilashi ko ɗaya. Ya same ni a ofis ya ajiye mini jarida a kan tebur. Ga Na'Allah ya cika shafin farko. A ƙasa an rubuta cewa wannan shi ne Na'Allah na Dauran, ɗaya daga cikin mayaƙan Shari'a, tsaye a gaban gidan da suka ƙona.

"Wagga takarda tana hannun kowa a kasuwar su Sha'aibu," in ji Maiwada. "Ga sunan a takarda, ga shi a saman rumfa. Na biya ta wurin, rumfar a rufe, an farfasa allon sunan. Shi kau Sha'aibu ban gan shi ba."

Muka tafi Dauran tare. Na'Allah ya karɓi jaridar ya daɗe yana kallo, yana murmushi.

"Wallahi sun iya. Dubi yadda layun nan suka hito."

Na karanta masa abin da ke ƙasa, na fassara. Maiwada ya faɗa masa zancen rumfa. Murmushin ya tafi. Ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

"To mi Sha'aibu ya yi musu? Ni aka ɗauka."

A lokacin babu wayar hannu. Muka je Kaura Namoda muka buga waya gidan wani Bahaushe da ke garin da Sha'aibu yake, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Washegari muka wuce Gusau wajen wakilin jaridar. Yaro ne mai ladabi, ya ba Na'Allah kujerarsa. Ya ce ba shi ya rubuta ba. Waɗanda suka zo ma, in ji shi, ba su ke sa rubutun ƙasan hoto ba, wani ne a Legas, wanda bai taɓa zuwa Arewa ba. Na tambaye shi, to wa za mu kama? Ya ce a lokacin rikici ana aiki da gaggawa. Na ce gaggawar ba ta hana su rubuta sunan mutum da na garinsu daidai ba, harafi bai ɓace ba.

Ya ce zai nemi a buga gyara, amma sai an sake sa hoton don masu karatu su gane wanda ake nufi.

"Za a sake bugawa?" in ji Na'Allah, har ya ɗan gyara zama.

"Baba, don Allah!" na ce. "A sake tuna wa mutanen kasuwa da fuskar ɗanka?"

Ya sunkuyar da kai. Muka ce a bar gyaran. Ƙaryar ta zauna yadda take, domin gaskiyar ma sai ta bi ta kan Sha'aibu.

Daga nan sai jira. Kullum Na'Allah na bakin titi, duk motar da ta fito daga Kudu sai ya tare ta ya leƙa. Lubabatu ta daina cin abin kirki. Liman ya sa aka yi ta addu'a bayan kowace salla.

A ƙarshe dai Sha'aibu ya iso a bayan motar shanu, ya rame, da rawani ya rufe tsagen fuskarsa. Wata mata mai sayar da manja, maƙwabciyar rumfarsa, ita ta ɓoye shi a ɗakin ajiyarta har ƙura ta lafa, ta kuma ce masa kada ya dawo. Albasa da rumfa duk sun tafi. Wannan matar ba ta fito a kowace jarida ba.

Ba a yi mako ba wasu 'yan jaridar suka zo, sun ji labarin wanda ya tsere daga Kudu, suna son hotonsa da na uban. Aka sake turo ni. Na'Allah ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka kawo fura, don shi ba ya iya korar baƙo. Sannan ya dubi ƙofar gida, na kuwa san abin da yake tunani.

Sha'aibu ya riga shi. Ya tashi ya tsaya a bakin ƙofar.

"Baba, in ka sa rigar nan, ni ka sa wa. Sauran yaran garin nan da ke can fa? Su ma Dauran aka rubuta musu."

Ya juyo wurina. "Malam, ce musu su sha fura. Ita ɗai muke da."

Na faɗa musu. Suka sha, suka yi ta roƙo, suka gaji. A kan hanyarmu ta komawa ɗayansu ya tambaye ni ko akwai wani ƙauye kusa da abin ya fi shafa. Na ce babu, na kuma ce wa direba ya miƙe Zurmi kada ya tsaya ko'ina.