Labulen Gwaggo Saliha a Kan Kwandunan Tumatir

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 17 ga Sha'aban 1445, wato 27 ga Fabrairu 2024, ina tsakiyar darasi aka leƙo aji aka ce in fito. Gwaggona, Hajiya Saliha mai ɗinkin labule, ta rasu a gidanta da ke bakin babban kanal a Kura, bayan jinyar kwana tara. Shekarunta sittin da takwas. Ta bar mijinta, Baba Dalhatu, da 'ya'ya biyar da jikoki.

Gwaggo, na so in rubuta miki ta'aziyya mai sanyi. Alƙalamina ya ƙi, domin abin da na gani a gidanki ranar sadakar uku ya ƙi fita daga raina. Amma bari in fara da ke, don waɗanda ba su san wadda muka rasa ba.

Da shinkafa ta fara kawo wa mutanenmu arziki, kowa ya rushe ginin ƙasa ya ɗora bulo, kuma kowa sai ya ce wa magini ya buɗe masa taga mai faɗin ƙofar shago, saboda haka ya gani a birni. Sai an tare ake gane kuskure. Rana ta shigo har kan gado, ɓuntun injin shinkafa ya sauka cikin miya, mai wucewa a kan babur yana ganin abin da ake ci a gidan. Daga nan sai a ce a kira Gwaggo.

Ke kuwa ba kya fito da tef ɗin awo ranar farko. Sai ki nemi tabarma ki zauna a ɗakin da carbinki, daga hantsi har la'asar, kina kallon inda rana ke faɗawa da inda iska ke shigowa. Wani attajiri a Bunkure ya gaji da jiranki ya ce, "Hajiya, awo kika zo yi ko yini?" Kika ce, "Alhaji, tagarka ba za ta gudu ba. Ranar gidanka ce ban sani ba tukuna."

Kin ce labulen babbar taga biyu ne: mai shara-shara na rana, wanda zai bar haske ya hana ido, da mai kauri da za a ja da magariba. Kin ce kada ya taɓa ƙasa, a bar masa taƙi guda, domin ƙasarmu ruwa take sha rani da damina, kuma danshi yana hawa yadi kamar yadda yake hawa bango. Kin tsani yadi mai duhu da yawan ninki, wai masaukin sauro ne. Wanda duk ya kawo miki hoton labulen otal a waya, tambaya ɗaya kike yi masa: matarka za ta iya sauke shi ita kaɗai ta wanke a baho? In ya ce a'a sai ki ce, "To wannan ba labule ba ne, bola ce a rataye."

Ba zan manta shekarar da rana ta hana ɗalibaina ganin allo ba. Ban roƙe ki ba, labari kawai na ba ki. Bayan kwana huɗu sai ga ki a keke-napep da labule shida da kika harhaɗa daga ragowar yadi. Kika tsaya kika sa 'yan ajin suka auna tagogin da kansu. Ranar suka gane amfanin lissafin da na yi wata guda ina fama da su a kai.

Amma aikin da ya fi duka shi ne na falonki. Autanki Lukmanu, wanda ni na koyar da shi a sakandare, ya yi arziki a cinikin shinkafa, ya gina muku gida mai manyan tagogi biyu da ke kallon yamma. A lokacin an yi wa Baba Dalhatu aikin yanar ido. Haske mai ƙarfi yana sa shi hawaye, hasken kwan lantarki yana kashe masa ido, a duhu kuma ba ya ganin rubutu. Mutumin da ya yi shekara hamsin bai tsallake karatun Alƙur'ani tsakanin azahar da la'asar ba ya koma zaman kallon bango. Mako guda kika yi kina rataya yadi kina saukewa, kina tambayarsa, "Malam, yanzu fa?" A ƙarshe kika ninka zawwati biyu, kika rina shi da ruwan ganyen shayi har farinsa ya kwanta. Ya buɗe ya karanta shafi guda bai tsaya ba. Shekara shida ke nan yana karatu a ƙarƙashin wannan hasken.

Ranar sadakar uku na shiga falon in gaishe shi, sai na ɗauka na yi ɓatan kai. Duhu da rana tsaka. An rataya karan-miski ja wur daga rufi har yana jan ƙasa, da geza mai ruwan zinare, yana warin sito. Janareto yana ruri a waje, an kunna kwan lantarki takwas. Baba yana kusurwa, Alƙur'ani a rufe a kan cinyarsa. Na ce, "Baba, yaya haka?" Ya ce, "Mun gode Allah."

Na ja Lukmanu gefe. Ya ce, "Yaya Malam, kai ma ka san irin mutanen da za su zo daga Kano. Ya za a yi su shigo su tarar da zawwati, kamar ɗakin shan magani?"

Na ce, "Gaisuwa za su zo yi ko duba taga? Ina nata?"

Ya ce bai sani ba, an dai fitar.

A can bayan gidan na same su, Gwaggo. Ana loda tumatir a akori-kura za a kai kasuwa, an ɗaure labulenki a bakin kwanduna da igiya. Ruwan ruɓaɓɓen tumatir ya jiƙa su, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Ɗinkin hannunki, kwana uku da binne ki.

Mutanen Kanon kuwa sun zo. Ba su yi minti goma ba. Ana shafa fatiha, ɗaya daga cikinsu ya miƙa hannu ya murza karan-miskin yana tambayar inda aka sayo shi. Ba wanda ya lura cewa tsohon da suka zo yi wa gaisuwa ba ya ganin fuskokinsu.

Ba Lukmanu kaɗai nake ƙyama ba a wannan, har da kaina. Yaron nan ya yi jinyarki da hannunsa, ba shi da mugun nufi. Mu ne muka zama mutanen da ke jin kunyar abin da ke yi mana amfani, muna ƙawata ɗaki don baƙon minti goma, muna barin mai ɗakin cikin duhu. Shekara uku yana gabana a aji. Na koya masa auna faɗi da tsawo, ban koya masa tambayar don wa ake awon ba.

Na kwance labulen na kai gida. Matata Khaulat ta wanke su sau uku. Ɗaya igiya ta keta shi gida biyu, ba ya gyaruwa. Ɗayan ya tsira, sai dai jan tabo ya zauna a tsakiyarsa. Baƙi suka ɗauke ƙafa, karan-miski yana nan. Baba ya gwada karatu a tsakar gida, hawaye ya hana shi. Ga azumi ya ƙarato, watan da yakan sauke sau biyu, kuma na san shi, zai ƙare watan a zaune bai ce wa ɗansa uffan ba.

Ban rataya da kaina ba, don gidan ba nawa ba ne, kuma abin da na rataya wani baƙon zai sa a sauke. Ranar kwana bakwai na ninke shi na ajiye a gaban Lukmanu. Na ce, "Yau kwana huɗu mahaifinka bai buɗe Alƙur'ani ba. Ka sani?" Bai sani ba. Ya warware yadin ya daɗe yana kallon tabon.

Ya ce, "Wannan ba zai fita ba?"

Na ce, "Ba zai fita ba."

Shi ya ɗauko kujera ya hau da kansa. Karan-miskin ya faɗo da ƙura, sauro suka watse daga cikin ninkinsa. Aka kashe janareto. Muna tsaye mu biyu a gaban tagar kamar masu laifi, sai muka ji takarda ta motsa a bayanmu. Baba ya ce, "Ku matsa, kun tare mini haske."

Ɗaya tagar har yau tana sanye da jan nan, domin babu wanda ya san yadda kika yi rinin. Ba mu tambaye ki ba sanda kike nan.

Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo. Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi, Ya suturta ki ranar da babu sutura sai tasa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Dalhatu, da 'yarsa Ruƙayyatu da 'yan'uwanta, da kai Lukmanu, da duk gidajen Kura da Bunkure da ke zaune a inuwar ɗinkinta. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.

Malam Mudassiru Hashimu, Kura