Arba'in ɗin Uwar 'Ya'yana

Dattawan unguwarmu ta Harra ta Yamma, a nan ƙasa mai tsarki, sun sha faɗa cewa babu malamin da zai iya raba mu da taron arba'in. Suna da hujjarsu. Shekara da shekaru malaman garin nan suna hani da shi a kan mumbari, da Larabci, iyayenmu mata kuma suna jinjina kai, su koma gida su ɗora tukunya. Da shi kakanninmu suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ratsa Cadi da Sudan bai faɗi a hanya ba. In mamaci ya cika kwana arba'in, a shimfiɗa darduma a tsakar gida, a sauke Alƙur'ani, a raba waina da dabino, a yi masa addu'a.

Abin da dattawan ba su hango ba shi ne mai wa'azi da harshenmu. Wani ɗalibi ne daga Najeriya, yana karatu a jami'a, siriri, mai sanyin murya. Bayan la'asar yakan zauna a wani ƙaramin masallaci wajen Ƙuba, matasa suna ɗaukar maganarsa a kaset. Kafin a ankara kaset ɗin ya shiga tasi, ya shiga shagon tela, ya shiga ɗakin girki. Ba zan zalunce shi ba: a dalilinsa samari da yawa suka bar zaman banza, sahun asuba ya cika.

A wannan zamani ne Allah Ya karɓi ran uwar 'ya'yana. Ina ma'aikacin gidan waya a lokacin, na kuma yi karatun zaure gwargwado, ba a taɓa yin taro a unguwa ba a ba ni wurin zama a gaba ba. Na aika wa kowa ranar arba'in, na sa ƙanwata ta jiƙa shinkafar waina.

Ana gobe taron, babban ɗana ya same ni ina duba dardumai. Ya tsuguna kamar yadda aka koya masa.

“Ya abuya, wannan abu ma yajuz, bai halatta ba. Malam ya ce ba shi da asali.”

“Malamin naka ya san hannun da ya yi maka wanka?”

“Ina yi mata addu'a a kowace salla, wallahi. Amma gobe ba zan zauna ba. Samihni, ka yafe mini.”

Na nemi abin da zan kafa masa hujja da shi a cikin duk abin da na karanta, ban samu wanda zai karɓa ba. Abin da nake da shi kawai shi ne haka aka yi wa mahaifina, haka kuma marigayiyar ta yi wa matattun unguwar nan da hannunta.

Washegari bayan la'asar na sa babbar riga, na zauna a bakin ƙofa. Tsofaffi kaɗan suka zo, ɗaya ma sai da aka riƙo shi. Maƙwabtan da suka sha cin wainar marigayiyar suka wuce ta ɗaya gefen titi, suna ɗaga mini hannu cikin kunya. Ba mu isa mu raba izu sittin ba, sai muka karanta abin da ya sawwaƙa. Ƙanwata ta leƙo daga bayan labule ta ce, “Yaya, ina zan kai wannan waina?”

Ba a sake yin arba'in a layinmu ba. A maƙabartar Baƙi'a, inda matata take kwance, ba a rubuta suna a kabari, yanzu ni kaina ba zan iya nuna nata ba. Saboda haka nake so a rubuta wannan, kada ya tafi tare da ni: an yi wa matata addu'ar arba'in a gidanta, ranar tara ga watan Safar, shekara ta biyu da shigowar sabon ƙarnin Hijira.